INABIN ALJERIYA: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai, har ma da waɗansu malamanmu, duk lokacin da aka taɓo zancen mulkin mallaka. Sai ka ji mutum ya gyara murya ya ce wai lalle Turawa sun yi zalunci, amma fa tsakani da Allah sun kawo ci gaba, sun shimfiɗa hanyar jirgi, sun koya wa mutane noman zamani, sun tarar da daji sun mai da shi lambu. Wannan magana kuwa ba a ɗakunan kwanan ɗalibai ta tsaya ba. A ran 23 ga watan Fabrairu na 2005 Faransa ta kafa wata doka wadda wani sashe nata ya umurci makarantu su riƙa koyar da alherin da zaman Faransawa ya kawo wa ƙasashen ƙetare, musamman Afirka ta Arewa. Sai da malaman tarihi na Faransa kansu suka yi ca a kan abin, Aljeriya kuma ta yi Allah wadai, sannan aka soke wannan sashe a 2006.

Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ina so in tari masu yin ta a fagen da suka fi ƙarfi. Idan ana neman misalin ƙasar da Bature ya shiga ya kafa wata sana'ar noma tun daga tushe har ta gagari duniya, to, da wuya a sami wanda ya kai gonakin inabi na Aljeriya. Tun da wuri bari in kawar da wani abu gefe guda. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, fagen malamai ne kuma, ba ni zan koya wa mai karatu shi ba. Abin da ya kawo ni shi ne ƙasa da gumi da kuma aljihun da riba ta shiga.

Ga abin mamakin. A wajen 1960 babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi zuwa waje a duk duniya. Waɗansu masana tattalin arziki biyu, Giulia Meloni da Johan Swinnen, sun nuna a wani bincike da suka buga a 2014 cewa abin da Aljeriya take fitarwa a lokacin ya ninka abin da Faransa da Italiya da Sifen suke fitarwa in an haɗa su gaba ɗaya. Giya ita ce wajen rabin kuɗin duk kayan da ƙasar take sayarwa a waje. Wannan kuwa ƙasa ce wadda a 1954 Musulminta sun haura miliyan 8, Turawan cikinta kuma ba su wuce miliyan 1 ba. Watau mafi yawan mutanen ƙasar ba sa shan abin da ƙasarsu ta fi kowa nomawa. Duk mai hankali ya kamata ya tsaya a nan ya tambayi kansa, wa aka yi wa wannan noma?

Kada wani ya ce Faransawa ne suka kawo inabi Aljeriya. Kurangar inabi tana can tun zamanin Rumawa, har ma kafin su, kuma manoma Musulmi sun daɗe suna shuka ta a gefen tsaunuka suna cin 'ya'yan, suna shanya su su yi zabibi. Baƙon da ya zo shi ne ganga da jirgin ruwa. Kafin ganga ta zo kuwa sai da aka fara samun ƙasar da za a shuka, kuma ga yadda aka same ta.

Faransa ta ci birnin Aljiyas a 1830. Amir Abdulƙadir ya yi ta gwabzawa da su har ya miƙa wuya a 1847, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ana ƙwace filayen gwamnatin da, da filayen waƙafi, ana raba wa 'yan kama-wuri-zauna. Tsakanin 1866 da 1868 fara da fari da annoba suka haɗu aka yi yunwar da ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. A 1871 Al-Muƙrani ya jagoranci bore, da aka murƙushe shi sai aka ci ƙabilun da suka bi shi tarar faran miliyan 36, aka kuma ƙwace musu hekta wajen 450,000 (hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi). Amma abin da ya fi bindiga ɓarna shi ne alƙalami. A 1873 aka kafa dokar da ake kira da sunan Warnier, wadda ta ce filin da dangi suka mallaka tare dole a tsaga shi kowa ya san rabonsa a takarda, domin a iya sayarwa. Mai karatu ya ƙaddara gandun gidansu ne, wanda kaka da jikoki suke nomawa tare tun ba a san farkonsa ba. Sai wani dillali ya lallaɓi mutum ɗaya daga cikin magada, wanda bashi ya yi wa katutu, ya sayi ɗan rabonsa da kuɗi kaɗan. Daga nan ya zama yana da haƙƙi a gandun, sai ya garzaya kotun Faransa ya ce a raba. Kuɗin shari'a da na lauya da na masu awo su fi ƙarfin dangin, a yi gwanjon gandun baki ɗaya, dillalin ya saye. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, komai da hatimi da sa hannu. Ta irin waɗannan hanyoyi, kafin shekarun 1950 Turawa manoma wajen 22,000 sun riƙe hekta miliyan 2.7, kuma ba fako ko tsandauri suka zaɓa ba, kwarin Mitidja ne da filayen Oran da na gaɓar teku.

To, ƙasa ta samu, amma da farko 'yan kama-wuri-zauna ba su san abin da za su yi da ita ya kawo kuɗi sosai ba. Sun gwada auduga, sun gwada taba, sun yi alkama. Wanda ya buɗe musu ƙofar arziki wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero ba, sunansa filoksera. Daga Amurka ya shigo Turai a jikin dashen inabi, aka fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, masanin tsirrai Planchon ya gano shi a 1868. Saiwa yake kamawa ya yi ta tsotsa har kuranga ta bushe a tsaye. A 1875 Faransa ta yi giya lita biliyan 8 da 'yan kai, amma a 1889 abin da ta samu bai kai biliyan 2 da rabi ba. Daga baya an gano maganin abin, watau a yi wa kurangar Turai aure da saiwar kurangar Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda masu lambu suke yi wa mangwaro aure. Sai dai sake dasa gonakin ƙasa guda aikin shekaru ne, Bafaranshe kuwa ba ya cin abinci sai da kwalba a gabansa.

Nan take ido ya koma ƙetaren Bahar Rum. Tun 1848 dokar Faransa ta ɗauki Aljeriya a matsayin wani yanki na Faransa, saboda haka giyarta tana shiga ba kuɗin fito. Bankin Aljeriya ya saki bashi ga duk Baturen da zai dasa inabi, manoman da ƙwaro ya karya a kudancin Faransa suka yi ta tsallakowa. A 1880 gonakin inabin Aljeriya ba su fi hekta 23,000 ba. Cikin shekara goma suka haura 100,000, a tsakiyar shekarun 1930 suka kai wajen 400,000. A 1934 aka tatsi lita fiye da biliyan 2. Ina roƙon masu zancen ci gaba su lura da abin da ya haifi wannan bunƙasa. Ba wanda ya zauna ya duba abin da mutumin Mascara ko Mostaganem yake bukata. Rumbun Faransa ne ya yi giɓi aka nemi abin toshewa.

Zan ba su abu ɗaya, domin gaskiya ce. An yi fasaha a cikin aikin. Ruwan inabi ba ya zama giya sai ƙwayoyin yisti sun cinye zaƙin da ke cikinsa sun mai da shi barasa, kuma wannan aiki da kansa yana ta da zafi. A Aljeriya ana girbi ne a watan Agusta da Satumba, lokacin da gari yake kamar tanda, sai zafi ya yi yawa a cikin randa yisti ya mutu aiki bai ƙare ba, giya ta yi tsami ta lalace. Sai da aka ƙirƙiro na'urorin sanyaya ruwan inabin yana cikin tsimuwa sannan sana'ar ta tsaya da ƙafafunta. Amma wa ke da kuɗin sayen na'ura da gina manyan randunan siminti? Ko cikin Turawan ma, ƙananan sun yi ta karyewa, musamman da filoksera ta tsallako Aljeriya ita ma, manya suna haɗiye gonakinsu. Gonar La Trappe ta Staouéli kusa da Aljiyas, wadda waɗansu sufaye Kirista suka kafa a 1843, ta koma hannun gidan Borgeaud a 1904, ta fi hekta 1,000, kuma Henri Borgeaud ya zama sanata a majalisar Faransa. Irin waɗannan su ne masu inabin. Kusan kashi 90 cikin 100 na gonakin suna hannun Turawa.

Ita kanta giyar, mai karatu zai yi tsammanin da sunan Aljeriya ake sayar da ita. Ina! Manoman Languedoc a kudancin Faransa sun koma shuka wani irin inabi mai yawan ruwa, giyarsa salam, ba ƙarfi ba launi. Rana kuwa ta sa inabin Oran, irin su Carignan da Cinsault da Alicante Bouschet, yana ba da giya baƙa wuluk mai ƙarfi. Sai a loda ta a jirgi zuwa tashoshin Sète da Marseille da Rouen, 'yan kasuwa su gauraya ta da ta gida, a zuba a kwalba a sayar wa ma'aikacin Faris a matsayin giyar Faransa. Su da kansu suna yi mata laƙabi da giya likita, domin ita ke warkar da marar lafiya. Ashe ko sunan ma ba a bar wa Aljeriya ba.

Yanzu mu zo ga hujjar da masu zancen ci gaba suka fi taƙama da ita, watau wai inabi ya ba mutane aikin yi. Suna cewa hekta ɗaya ta inabi tana cin hannu ninkin-ba-ninkin abin da hekta ɗaya ta alkama take ci, ga yankan reshe da hunturu, ga kaftu, ga barbaɗa farar wuta da feshin magani, ga girbi, saboda haka dubban iyalai da inabi suke ci. Lissafin daidai ne, ban musa ba. Tambayata ita ce, wa ya mai da waɗannan mutane masu neman aikin lada? Kakan wannan ɗan ƙwadago mai gandu ne a wannan kwari, yana da sha'ir da alkama da tumaki. An raba shi da gandun, an tura shi kan dutse inda ƙasa ba ta ciyar da iyali, sannan aka buɗe wa jikansa ƙofa aka ce zo ka yanki reshe a ba ka ladan yini, kuma ana so ya yi godiya. Wanda ya ƙwace maka rijiya yana sayar maka da ruwa guga-guga, wannan shi ne mai taimakon da ake so mu yaba wa.

Kuma aikin ma na 'yan makonni ne. 'Yan kaɗan ne ake riƙewa shekara sukutum, sauran sai lokacin yankan reshe da lokacin girbi, daga nan kowa ya kama gabansa. Don kada lada ya tashi, masu gonakin Oran suna ɗaukar 'yan ci-rani daga tsaunukan Rif na Maroko, waɗanda yunwa ta sa za su karɓi ko nawa ne. Ga kuma dokar 'yan ƙasa ta 1881 a kansu, wadda ta ba jami'in mulki ikon ya ci Musulmi tara ko ya tsare shi ba tare da alƙali ba, har barin gunduma sai da takardar izini. Ɗan ƙwadagon da ba ya iya tafiya sai da izini, da wane baki zai yi ciniki? Shekara biyar kacal bayan babban girbin 1934, Albert Camus, wanda mahaifinsa ma'aikacin rumbun giya ne a wata gonar inabi kusa da Mondovi, ya zaga ƙasar Kabiliya a 1939 ya rubuta wa jaridar Alger Républicain labarin yunwar da ya gani da idonsa. A 1954, bayan shekara 124 ana wayar musu da kai, fiye da kashi 80 cikin 100 na Musulmin Aljeriya ba su iya karatu da rubutu ba. Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a wannan shekara, ɗaya daga cikin abubuwan da mayaƙa suke yi da dare shi ne su shiga gonar Bature su sassare kurangar inabi. Sun fi mu sanin abin da take nufi.

Wani zai ce ai mu ma an yi mana haka da gyaɗa da auduga. An yi, kuma da kama, domin mu ma kasuwar wani aka sa mu yi wa noma, shi ke yanka farashi. Amma manomin Kano ko na Maraɗi a gonarsa yake, kuma in ciniki ya ƙi, matarsa ta soya gyaɗar ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli yara su ci. Ɗan ƙwadagon Oran ba gona, abin da ya noma kuma ko baƙo ba zai iya tara da shi ba.

Abin dariya, ko a Faransa wannan ci gaba bai yi wa kowa daɗi ba. Da gonakin Faransa suka farfaɗo sai giya ta yi yawa, ga ta Aljeriya, ga ta jabu da ake yi da sukari, farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman Languedoc suka tashi ƙarƙashin Marcelin Albert, a ran 9 ga Yuni mutane fiye da rabin miliyan suka taru a Montpellier, sojoji suka buɗe wuta suka kashe mutane a Narbonne, wata rundunar soja ta 'yan yankin ta yi tawaye. Tun daga nan 'yan majalisar kudu ba su daina neman a taka wa giyar Aljeriya birki ba. A 1931 aka kafa dokar taƙaita sabon dashe da ɗora haraji a kan manyan gonaki masu yawan amfani. A 1935 kuma aka kafa tsarin nan na kare sunan asali, wanda ya ce ba a kiran giya da sunan wani yanki sai a can aka nome ta bisa ƙa'idojin wurin. Yau ana koyar da wannan tsari a matsayin ƙololuwar wayewar Faransa, wai girmama ƙasa da gadon kakanni. Meloni da Swinnen sun nuna cewa tsoron giyar Aljeriya yana cikin manyan abubuwan da suka haife shi. Ka ga Aljeriya Faransa ce in ana neman giya mai arha, amma in kasuwa ta cika sai a tuna akwai teku a tsakani.

Ranar wanka ta zo a 1962. Aljeriya ta sami 'yanci, Turawa kusan miliyan 1 suka kwashe suka bar ƙasar, watau masu gonakin da masu sanin sirrin rumbu da kuma kusan dukan mashayan cikin gida. Suka bar wa sabuwar gwamnati hekta wajen 350,000 na inabi. 'Yan ƙwadago suka riƙe gonakin da kansu, gwamnatin Ahmed Ben Bella ta tabbatar musu da haka da dokokin Maris 1963, gonar Borgeaud ma aka karɓe ta aka sa mata suna Bouchaoui. To, a sayar wa wa? Mai saye ɗaya ne tun fil azal. A 1964 Faransa ta sa hannu za ta ci gaba da saye na waɗansu shekaru, amma da manoman kudu suka matsa sai ta yi ta noƙewa ba ta cika alkawari ba, giya ta yi ta taruwa a randuna ba inda za a zuba sabon girbi. Dole Aljeriya ta juya ga Tarayyar Sobiyet, wadda ta yarda ta riƙa ɗaukar wajen lita miliyan 500 a shekara daga 1969, amma a farashin da bai kama ƙafar na Faransa ba. A 1970 ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai suka tsara kasuwar giyarsu suka toshe hanyar gauraye da giyar waje. A ran 24 ga Fabrairu 1971 Houari Boumediene ya karɓe rinjayen hannun jari a kamfanonin man fetur na Faransa, dangantaka ta ƙara tsami, giya ta zama sandar duka a hannun Faris. Daga nan gwamnati ta ba da umurni a shiga tumɓuke kurangar inabi.

A nan ne masu zancen ci gaba suke tafa hannu su ce, kun gani, an bar musu dukiya sun lalata. Ba zan wanke gwamnatocin Aljeriya ba. Gonakin da aka ce na 'yan ƙwadago ne ba a jima ba ma'aikatan ofis suka hau kansu, tumɓukar ta raba dubban mutane da ɗan ladan da suke samu, kuma a tuddan Oran masu ƙarancin ruwa alkamar da aka shuka ba ta yi abin kirki ba, zaizaya ta ci ƙasa inda da saiwar inabi take riƙe da ita. Duk wannan ya faru. Amma a gaya mini abin da Boumediene zai yi da tarin giyar da ake tatsa a kowace shekara, jama'arsa ba sa sha, mai saye ɗaya ya rufe ƙofa, ɗayan yana saye a wulaƙance. Gaba kura baya sayaki ke nan. Sana'ar da ta rushe cikin shekara goma don kawai mai saye guda ya juya baya, tun ran gini aka yi mata zane, kuma ba 'yan Aljeriya suka gina ta ba.

Ita kuwa Faransa ba ta rasa likita ba. Giyar kudancin Italiya ta maye gurbin ta Oran a tashar Sète, manoman Languedoc suka koma faɗa da ita, har aka yi musayar wuta a Montredon a watan Maris na 1976, manomi ɗaya da hafsan 'yan sanda ɗaya suka mutu. Aljeriya kuma, da jama'arta suka ninka suka sake ninkawa, ta shiga sahun ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje, kuma shekaru da dama Faransa ce babbar mai sayar mata. Da yawa daga cikin jiragen da suka riƙa sauke wannan alkama a Aljiyas da Oran daga Rouen suke tasowa, tashar da a da ake sauke giyar Aljeriya.